Alƙiblar Bincike a Kan Sankarar Bakin Mahaifa ga Mata Masu Ɗauke da Ƙwayar Cutar Ƙanjamau

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin binciken da masana suka gudanar a kan sankarar bakin mahaifa ga matan da ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, domin a ga inda binciken ya faro, da irin kwanar da ya yi ta sha a hanya, da kuma inda ya sa gaba a yanzu. Tun da yake mahalarta wannan taro ba dukkansu ne likitoci ba, zai kyautu a fara da daidaita kalmomi. Abin da wasu ke kira ciwon daji shi ne a nan za a riƙa kira sankara. Bakin mahaifa kuwa shi ne ƙarshen mahaifa ta ƙasa, watau ƙofar nan da ke buɗewa a lokacin naƙuda. Haka nan akwai bambanci tsakanin ɗaukar ƙwayar HIV da kamuwa da ƙanjamau. Ƙanjamau shi ne matakin da ake kaiwa in ƙwayar ta gama karya garkuwar jiki, alhali kuwa mace na iya ɗauke da ƙwayar shekara da shekaru tana shan magani, tana harkokinta, ba ta kai wannan mataki ba. Yawancin matan da takardar ke magana a kansu irin waɗannan ne.

Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mata kimanin 660,000 ne suka kamu da wannan sankara, kimanin 350,000 kuma suka rasu ta dalilinta, kashi 94 daga cikin ɗari na mamatan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A 2021 Stelzle da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike-binciken da aka riga aka yi, suka buga a mujallar Lancet Global Health, inda suka nuna cewa haɗarin kamuwa da ita ga mace mai ɗauke da HIV ya ninka na sauran mata har sau shida. A duniya baki ɗaya, kashi 5.8 daga cikin ɗari ne kawai na matan da suka kamu da sankarar a 2018 ke ɗauke da HIV. To amma wannan adadi yana ɓoye gaskiyar lamarin, domin a yankin kudancin Afirka adadin ya kai kashi 63.8, a gabashin Afirka kuma kashi 27.4. Watau a ƙasashe irin su Botswana da Eswatini da Afirka ta Kudu, kusan biyu daga cikin kowaɗanne mata uku da ke jinyar wannan sankara suna kuma fama da HIV.

Ƙwayoyi biyu a shekara guda

Tun da daɗewa likitoci ke zargin cewa sankarar bakin mahaifa tana da dangantaka da saduwa. A 1842 wani likitan Italiya, Rigoni-Stern, ya duba littattafan mace-mace na birnin Verona, ya lura cewa sankarar mahaifa ba ta cika samun matan zaure na coci da ba su aure ba, ta fi samun matan aure da zawarawa. Sai dai an yi sama da shekara ɗari ba a gano mai laifin ba. A cikin shekarun 1970 akasarin masana sun karkata ga wata ƙwaya dabam, ta cutar hafis, sai wani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya dage cewa ƙwayar HPV ce, dangin wadda ke haddasa ƙananan tsiro a fata. A 1983 shi da ɗalibansa suka zaƙulo iri na 16 daga cikin naman sankara, a 1984 kuma iri na 18. A wannan shekara ta 1983 ɗin ne Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka keɓe ƙwayar HIV a Cibiyar Pasteur da ke Faris. Su ukun aka raba wa kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2008. Ga dukkan alamu kwamitin kyautar ya ɗauke su a matsayin bincike biyu masu zaman kansu, amma a jikin matan Afirka ƙwayoyin nan biyu sun daɗe da haɗuwa.

Yadda abin ke faruwa shi ne kamar haka. Ƙwayar HPV iri-iri ce, sama da 200, amma 12 daga ciki ne aka tabbatar suna haddasa sankara, kuma iri na 16 da na 18 su kaɗai ke da alhakin kimanin kashi 70 daga cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. Kusan duk wanda ya taɓa saduwa, mace ko namiji, yakan gamu da ita a rayuwarsa, aure ne ko waninsa. Ga mafi yawan mata garkuwar jiki kan share ta cikin shekara biyu ba tare da sun ma sani ba. Matsala tana tasowa ne in ƙwayar ta yi zaune a wani siririn yanki na bakin mahaifa inda fata iri biyu suka haɗu. A nan sai ta riƙa ƙera wasu furotin biyu, E6 da E7, waɗanda ke kashe birkin da ke hana ƙwayoyin halittar jiki hayayyafa ba ƙa'ida. Da farko abin da ake samu tabo ne a saman fata, wanda ba ya ciwo, ba ya jini, ba kuma sankara ba ne tukuna. Wannan shi za mu kira tabon gargaɗi. Ga mace mai cikakkiyar garkuwa yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya rikiɗe ya zama sankara. Ga wadda garkuwarta ta raunana kuwa, shekara 5 zuwa 10 sun isa.

Aikin HIV a cikin wannan lamari shi ne cinye ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne jagororin garkuwar jiki. In sun ragu, mace ta fi saurin ɗaukar HPV, ta fi ɗaukar iri da yawa a lokaci guda, ƙwayar ta fi daɗewa a jikinta, tabon ya fi faɗi, ya kuma fi saurin dawowa bayan an yi maganinsa. Ke nan HIV ba ita ke haifar da sankarar da kanta ba. Mai gadi take kawarwa, HPV ta shiga ta yi ɓarna.

Zangon farko: Amurka, da ruɗanin Afirka

Binciken farko a wannan fage a Amurka aka yi shi. A 1990 Maiman da abokan aikinsa a Brooklyn suka ba da rahoton cewa matan da ke ɗauke da HIV suna zuwa asibiti da sankarar da ta riga ta yi nisa, kuma ba su daɗewa bayan jinya. A wancan lokaci ma'anar ƙanjamau a hukumance an gina ta ne a kan cututtukan da aka gani ga maza, don haka mata da yawa sun mutu ba a lissafa su ba, ba su kuma sami tallafin da ake ba masu cutar ba. Ƙungiyoyin mata suka yi ta fafutika a kan haka, har a 1993 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta sa sankarar bakin mahaifa cikin jerin cututtukan da ke tabbatar da ƙanjamau. A daidai wannan lokaci aka kafa manyan bincike na bin sawu, mafi shahara shi ne wanda ake kira WIHS, inda aka ɗauki dubban mata, masu ƙwayar da marasa ita, ana duba su duk wata shida har tsawon shekaru.

Abu biyu suka fito daga wannan aiki da har yanzu ake dogara da su. Na farko, gwargwadon raguwar CD4, gwargwadon yawan HPV da tabon gargaɗi. Na biyu kuwa ya fi ban sha'awa: a cikin matan nan da ake dubawa a kai a kai, ana kuma yi musu magani da zarar an ga tabo, sankarar kanta ba ta yawaita ba, har adadinta bai yi wa na sauran matan Amurka nisa ba. Wannan ya nuna cewa ninki shidan nan da aka ambata a baya ba hukunci ne da ba ya ɗaguwa ba, kaso mai yawa daga cikinsa na rashin dubawa ne.

A Afirka kuwa sai aka ci karo da abin da ya ɗaure wa masana kai. Rijistar masu sankara ta Kampala, wadda aka kafa tun 1951, ta nuna yadda sankarar fata ta Kaposi ta yi tashin gwauron zabo bayan ɓullar ƙanjamau, amma sankarar bakin mahaifa ba ta yi irin wannan tsalle ba. Bincike da dama na shekarun 1990 a nahiyar sun sami ƙari ɗan kaɗan ne kawai, wasu ma ba su sami kome ba. Shin matan Afirka sun fi na Amurka juriya ne? Amsar da aka gano daga baya mai ɗaci ce. Macen da ta ɗauki HIV a lokacin da babu magani takan rayu kimanin shekara goma, sa'an nan tarin fuka ko sanƙarau ko gudawa su ɗauke ta. Mutuwa ce ke riga sankarar isa. Darasin da masu nazarin alƙaluma suka ɗauka a nan shi ne, rashin ganin cuta a cikin rijista yana iya zama alamar cewa masu ita ba su kai shekarun da za ta bayyana ba.

Zango na biyu: zuwan magani

A 1996, a babban taron ƙanjamau na Vancouver, aka bayyana nasarar haɗa magunguna uku wajen danne HIV. Maganin bai isa Afirka sosai ba sai bayan kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a 2002, da shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka a 2003. Botswana ta fara raba shi kyauta a 2002, Afirka ta Kudu a 2004. Cikin ɗan lokaci sankarar Kaposi da ta kaluluwa suka ja baya ƙwarai a duk inda magani ya wadata. An sa ran ita ma ta bakin mahaifa za ta bi sahu, sai ta ƙi.

An shafe kusan shekara ashirin ana taƙaddama a kan wannan. Wani bincike ya ce maganin yana rage tabon gargaɗi, wani ya ce ba ya yin kome. Ba a sami bakin zaren ba sai da aka daina tambayar ko mace tana shan magani, aka koma tambayar yaushe ta fara sha, kuma ina adadin CD4 ɗinta ya tsaya kafin ta fara. Kelly da abokan aikinta, a nazarin da suka buga a mujallar Lancet HIV a 2018, sun nuna cewa maganin yana rage HPV da tabon gargaɗi da ita kanta sankarar, musamman in an fara shi da wuri, an ɗore, kuma ƙwayar ta kwanta a jini. Dalilin saɓanin da aka yi ta samu a baya ya fito fili ke nan. A shekarun farko ba a ba mutum magani sai CD4 ɗinsa ya faɗi ƙasa da 200, watau sai garkuwa ta riga ta rushe. A wannan tsakani HPV ta riga ta kafa sansani, wani lokaci ma ta cusa kanta cikin ƙwayar gadon bakin mahaifa, kuma farfaɗowar garkuwa daga baya ba ta warware abin da aka riga aka ƙulla. Sai a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara magani ga kowa da zarar an gano yana ɗauke da ƙwayar, ba tare da jiran faɗuwar CD4 ba.

Abin lura a nan shi ne akwai miliyoyin mata da suka fara magani a ƙarƙashin tsohuwar ƙa'ida. Suna raye, sun haura shekara arba'in ko hamsin, watau sun shiga shekarun da sankarar ta fi bayyana. Nasarar maganin HIV da kanta ita ce ta tara su a bakin wannan ƙofa.

Zango na uku: yaya za a duba?

Daga nan akalar bincike ta juya daga tambayar me ke faruwa zuwa tambayar me za a yi, ta kuma taso daga Amurka ta dawo Afirka, inda kashi 85 daga cikin ɗari na matan da ke fama da cututtukan biyu suke. A wannan zango ne aka fi zuba ƙarfi, don haka za mu ɗan daɗe a kansa.

Tsohuwar hanyar dubawa ita ce ta Papanicolaou, wadda ta bazu bayan 1943: a kankaro ƙwayoyin halitta daga bakin mahaifa, a shafa a gilashi, gwani ya duba a madubin likita. Ita ce ta karya lagon wannan sankara a Turai da Amurka. To amma tana bukatar ɗakin gwaji, da gwanaye, da hanyar mayar wa mace da sakamako, da kuma dawowarta sau biyu ko uku. Matar da ta biya kuɗin mota daga ƙauye sau ɗaya, da wuya ta sake biya don jin sakamakon cutar da ba ta ji a jikinta.

Saboda haka aka koma ga hanya mai sauƙi, watau a shafa ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, in akwai tabo sai ya yi fari, a yi maganinsa nan take. Misalin da ya fi fice shi ne shirin Zambiya, wanda Groesbeck Parham da Mulindi Mwanahamuntu suka jagoranci kafawa a Lusaka a 2006. Hikimar shirin ita ce an ɗora shi a kan asibitocin HIV da ke akwai, aka horar da ma'aikatan jinya su yi aikin, suna ɗaukar hoton bakin mahaifa da kyamara don su nuna wa matar, su kuma aika wa likita in sun yi shakka. Rauninsa kuwa shi ne ya dogara ga idon mai dubawa. Abin da wannan ta ga fari, waccan ba ta gani ba, kuma ga matan da suka manyanta yankin da ake nema yakan shige ciki inda ido ba ya kaiwa.

Hanya ta uku ita ce neman ita kanta ƙwayar HPV da na'ura. Lynette Denny da abokan aikinta sun gwada ta a Khayelitsha kusa da Cape Town, suka buga sakamako a 2005, inda ta fi ta ruwan khal rage tabon gargaɗi, har ga matan da ke ɗauke da HIV. A 2009 kuma gwajin Osmanabad a Indiya, wanda ya ƙunshi mata sama da 130,000, ya nuna cewa yin wannan gwaji sau ɗaya tak ya rage mutuwa da kusan rabi. Wani alherinsa shi ne mace na iya ɗebo samfurin da kanta a keɓe da ɗan tsinken auduga. Duk wanda ya san yadda kunya ke hana matanmu kwanciya a gaban ma'aikacin asibiti, balle namiji, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ga mata masu HIV gwajin yana da tasa matsalar, wadda ita ce cibiyar bincike a yanzu. A wurare da yawa a Afirka, kimanin rabinsu gwajin kan nuna suna ɗauke da HPV mai haɗari. In aka ce duk za a yi musu magani, za a ƙona ko a yanki bakin mahaifar mata da yawa waɗanda ba su da tabo, wasunsu kuma ba su gama haihuwa ba. In aka ce duk a tura su ga ƙwararru, layin ba zai ƙare ba. Don haka a ƙa'idojinta na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware musu tsari na dabam: a fara duba su daga shekara 25, alhali sauran mata daga 30, a maimaita duk shekara 3 zuwa 5, alhali sauran duk 5 zuwa 10, sa'an nan in gwaji ya nuna ƙwayar, a yi gwaji na biyu na tacewa kafin magani. Wane gwaji ne ya fi dacewa da tacewar? Nan ake fafatawa. Wasu suna tace matan da irin ƙwayar, su fara da masu 16 da 18. Kuhn da abokan aikinta sun nuna a 2020, a Cape Town, cewa in aka taƙaita irin da ake nema, aka kuma ɗaga ma'aunin yawan ƙwayar da na'urar GeneXpert za ta kira tabbatacce, ana rage yawan waɗanda za a yi wa magani a banza ba tare da an rasa masu tabo da yawa ba. Wannan na'ura kuwa tana nan a ɗaruruwan asibitocin Afirka saboda gwajin tarin fuka. Wasu kuma suna koya wa kwamfuta gane tabo daga hoto, aikin da Cibiyar Sankara ta Amurka ta fito da shi a 2019 da hotunan da aka tara a Kosta Rika. A ganina wannan na ƙarshe ya sami yabo fiye da abin da ya riga ya tabbatar, domin kwamfutar da ta koyi aiki da hotunan wata kyamara da wasu mata takan yi tuntuɓe in an canja mata kyamara ko ƙasa.

Maganin tabo da maganin sankara

Gano tabo rabin aiki ne. Ana kashe shi ta ɗayan hanya uku: a daskarar da shi da iskar gas mai sanyi, ko a ƙona shi da ƙarfe mai zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30, ko a yanke shi da zoben waya mai lantarki. Hanyar ƙonawa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2019, tana maye gurbin ta daskararwa saboda na'urarta ƙarama ce, da batir take aiki, ba ta bukatar tukunyar gas. Amma ko da wace hanya aka bi, tabo ya fi dawowa ga mai HIV. A gwajin da aka yi a Nairobi da mata 400 masu ƙwayar, wanda aka buga a mujallar JAMA a 2019, an raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, bayan shekara biyu tabo ya dawo wa kashi 30 na waɗanda aka daskarar wa, da kashi 19 na waɗanda aka yanke wa. Yanka ya fi, amma ko shi ɗin kusan mace ɗaya cikin biyar ce ya bari a baya. Wannan ne ya sa aka tono wani tsohon bincike na 1999 a Amurka, inda matsa man 5-FU bayan magani ya rage dawowar tabo daga kashi 47 zuwa 28, ana sake gwada shi a Kenya da Afirka ta Kudu. Man yana da araha, kuma mace na iya matsa shi a ɗakinta.

Game da sankarar da ta riga ta kama, bincike bai kai na sauran ɓangarori yawa ba, alhali nan ne ake mutuwa. Tun 1999 daidaitaccen magani ga wadda ta yi nisa shi ne gashi da hasken na'ura tare da maganin cisplatin. Dryden-Peterson da abokan aikinsa sun bi sawun mata 348 a Botswana, suka buga a 2016. Kashi biyu cikin uku na matan suna ɗauke da HIV, akasarinsu kuma suna kan magani. Bayan shekara uku, kashi 35 na masu HIV ne ke raye, a kan kashi 48 na marasa ita. Ana danganta wannan tazara da ƙarancin jini, da yadda gashi ke daɗa rage CD4, da kuma karo tsakanin magunguna, alal misali cisplatin da tenofovir dukkansu suna wahalar da ƙoda. Daɗin daɗawa, shekaru da yawa ana cire masu HIV daga gwajin sababbin magungunan sankara, sai a 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da jagora cewa a riƙa sa su. Ma'ana, magunguna da dama da ake ba matan nan ba a kansu aka gwada su ba. Kuma duk wannan zance ne na inda na'urar gashi take. Akwai ƙasashen Afirka da dama da ba su da ko guda.

Rigakafi

Allurar rigakafin HPV ta farko, Gardasil, ta sami amincewa a 2006, Cervarix ta biyo baya, sa'an nan mai kare iri tara a 2014. Ruwanda ce ta fara yi wa 'yan mata ita a faɗin ƙasa a Afirka, a 2011. Hujjar cewa tana hana sankarar kanta, ba tabo kawai ba, ta zo daga Suwidin a 2020, inda aka sami ragin kashi 88 ga waɗanda aka yi wa kafin shekara 17, da Ingila a 2021, ragin kashi 87 ga waɗanda aka yi wa suna da shekara 12 zuwa 13. Sa'an nan gwajin KEN SHE a Kenya ya nuna a 2022 cewa allura ɗaya tak tana ba da kariya ta kashi 97.5 daga zaunuwar iri na 16 da 18. A kan irin wannan hujja ce Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allura ɗaya a watan Oktoba 2023, ta ƙarasa sauran jihohi a watan Mayu 2024.

To, gwajin na Kenya da 'yan mata marasa HIV aka yi shi. Shi ya sa a matsayarta ta Disamba 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu HIV a yi musu aƙalla biyu, in da hali uku. An san allurar ba ta cutar da su, kuma jikinsu yana amsa ta, ko da yake amsar takan gaza ta sauran. Tambayar da ta fi damun masu bincike ita ce ta yarinyar da aka yi wa allura ɗaya tana da shekara goma, lafiyarta lau, sa'an nan ta ɗauki HIV tana da ashirin. Shin kariyar za ta tsaya? A kudancin Afirka, inda 'yan mata suka fi kowa ɗaukar HIV, wannan tambaya ta shafi dubban ɗaruruwa. Akwai kuma batun iri na 35, wanda rabonsa a sankarar matan Afirka ya fi na sauran nahiyoyi, amma ba ya cikin ko ɗaya daga alluran nan uku.

Hannun da ke riƙe da akala

A ranar 17 ga Nuwamba 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da wannan sankara, da burin cewa kafin 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura, a duba kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na masu tabo ko sankara magani, har a kai lokacin da sababbin kamu za su gaza 4 cikin mata 100,000 a shekara. Lissafin da masana suka yi wa Afirka ta Kudu ya nuna matan da ke ɗauke da HIV su ne za su zo ƙarshe a wannan tafiya, kuma allura kaɗai ba za ta kai su ba sai an haɗa da dubawa a kai a kai.

Wajibi ne a faɗi cewa kaso mai tsoka na wannan aiki, bincikensa da aiwatar da shi, da kuɗin waje aka yi shi, musamman na Amurka, ta hanyar PEPFAR da shirin Go Further na 2018. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a watan Janairu 2025, asibitoci da ayyukan bincike da dama a Afirka suka tsaya cik na wani lokaci. Haka kuma taswirar binciken ta karkata ga gabashi da kudancin nahiyar, inda HIV ta fi yawa. Afirka ta Yamma ba ta sami rabo daidai ba, alhali Nijeriya, ko da yake binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 ne kawai na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da HIV, yawan jama'arta ya sa tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu ƙwayar, mata kuma sun ninka maza, kashi 1.9 a kan 0.9. A 2020 an ƙiyasta sababbin kamu da sankarar bakin mahaifa kimanin 12,000 a ƙasar, da mutuwa kimanin 8,000.

Akwai wani irin bincike da ba ya cin kuɗi da yawa, wanda Afirka ta Kudu ta yi amfani da shi: an ɗauki bayanan gwaje-gwajen HIV na ɗakunan gwajin gwamnati, aka gwama su da rijistar masu sankara ta ƙasa, ta haka aka bi sawun miliyoyin mutane ba tare da an ɗauki ko mutum ɗaya sabo ba. Nijeriya tana da rijistar sankara a Ibadan tun 1960, tana kuma da littattafan asibitocin HIV na sama da shekara ashirin. Abin da gwama su ke bukata shi ne izinin hukuma, da tsarin ɓoye sunayen marasa lafiya, da masu ilmin lissafi da kwamfuta, waɗanda jami'o'inmu ke yayewa duk shekara.